Idan Aka Ce Miki "Mahaifa", Tambayi Wacce Ake Nufi

A shekarata ta biyu da fara aikin ungozoma, wata yarinya ta haihu a hannuna wajen ƙarfe uku na dare, haihuwar fari. Jaririn ya faɗo lafiya, ya tsanyara kuka, amma mabiyiya, wato naman da ke biyo bayan ɗa, ta ƙi biyowa. Mun riga mun yi mata allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, muka sa mata roba ta yi fitsari, muka ɗora mata jaririn a nono, muka jira. Rabin awa ta wuce shiru, ga jini ya fara yawa. Likita ya zo, aka kashe mata zafi, ya sa hannu ya ɓanɓaro mabiyiyar. Da komai ya lafa na fito na sami uwarta a kan benci, ta haɗa kai da gwiwa. Na ce mata, "Mama, a kwantar da hankali, an cire mahaifar, jinin ma ya tsaya." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ban tsaya na karanci fuskarta ba, na koma ciki da sauri saboda akwai wata a kan gwiwa.

Bayan kusan shekara biyu yarinyar ta dawo, ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce cikinta na kumbura, wani abu na motsi a ciki, tana tsoron ƙari ne. Na kwantar da ita na shafa cikin, na kara abin sauraro, sai ga bugun zuciyar ɗa raɗau. Ciki wata biyar, ko sau ɗaya ba ta zo awo ba. Na ce, "Ƙanwata, me ya hana ki zuwa tun da wuri?" Ta ce, "Sista, ai ni ba ni da mahaifa. Ke kika gaya wa Inna an cire." Shekara biyu tana kuka a ɓoye, tana kallon ɗanta a matsayin na fari kuma auta. Al'adarta ta dawo tun tana goyo, amma ba ta san daga mahaifa jinin ke fitowa ba, balle ta gane cewa tata tana nan daram.

Kalmata ce ta jawo mata wannan. Tun daga ranar na daina sakin kalmar ita kaɗai, kuma abin da na koya a kanta nake so ke ma ki riƙe, ko kina gaban likita, ko kina rakiyar 'yar'uwa, ko kina yi wa 'yarki bayani.

Kalmar daga "haifa" ta fito, aka sa mata "ma" a gaba, kamar yadda "karanta" ta ba mu makaranta, "fitsari" ya ba mu mafitsara. Asalin ma'anarta ke nan, wurin haihuwa. Shi ya sa mutum zai ce ya koma mahaifarsa, yana nufin inda aka haife shi, ba wanda zai ruɗe. Akwai kuma mahaifa jam'in mahaifi da mahaifiya. A rubuce ɗaya suke, a baki murya ke raba su: ta iyaye muryar na sauka a tsakiya, ta wuri kuwa a sama take tafiya har ƙarshe, irin bambancin ma'aikata wurin aiki da ma'aikata masu yin aikin. Waɗannan ba su taɓa cutar da kowa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin jiki, domin a can kalma ɗaya da murya ɗaya take ɗauke da abu biyu: gidan da ɗa ke kwanciya, da naman da ke biyo bayan ɗa idan an haihu. Na biyun yana da nasa sunan, mabiyiya, wasu su ce uwar tafiya, amma a ɗakin haihuwa "mahaifa" ce ta fi saurin zuwa baki. Ban da wannan, mun mayar da kalmar wani babban buhu, duk abin da ke ƙasan cibiya mu jefa a ciki: bakin mahaifa, bututun ƙwai, gidan ƙwai, har da farji idan kunya ta hana a kira sunansa.

Fara da sanin abin da ke wurin

Dunƙule hannunki ki ɗora a mararki, can ƙasa, daidai ƙashin gaba. Kusan girman mahaifar macen da ba ta da ciki ke nan, kuma a bayan wannan ƙashin take ɓoye. Tsawonta santimita 7 zuwa 8, faɗinta kamar 5, nauyinta wajen giram 60. Siffarta kamar ƙwan fitila ce da aka juyo da wuyansa ƙasa. Mafitsara na gabanta, ƙarshen hanji na bayanta, shi ya sa mai ciki ke yawan fitsari, ƙari kuma idan ya girma yakan danne bayan gida. Tsoka ce zalla mai kauri, ita ce ke murɗawa ki ji ciwon mara, ita ce kuma ke turo ɗa a naƙuda. A cikinta akwai wata shimfiɗa mai laushi da ke yin kauri kowane wata tana jiran ɗan tayi. Idan ciki bai shiga ba, shimfiɗar ta saɓule ta fito da jini. Shi ne al'ada, wadda a wurin yawancin mata takan zagayo tsakanin kwana 21 zuwa 35. Don haka muddin kina ganin al'ada wata-wata, mahaifarki tana nan. Da yarinyar nan ta san wannan kaɗai, da ba ta yi kukan shekara biyu ba.

Idan ciki ya shiga, wannan dunƙulallen hannun ne ke buɗewa a hankali. A wajen mako na 12 samanta zai leƙo saman ƙashin gaba, a mako na 20 ya kai cibiya, lokacin haihuwa kuma nauyinta ita kaɗai, ban da ɗa da ruwa, ya kusa kilo ɗaya. Abin da muke aunawa da tef a ranar awo ke nan, daga ƙashin gaba zuwa saman mahaifa. Bayan haihuwa sai ta riƙa tsukewa, cikin mako shida ta koma kusan yadda take. Murɗawar da mai jego ke ji idan ta sa jariri a nono, mahaifar ce ke komawa mazauninta. Na daɗe a aikin nan, amma har yau idan na ɗora hannu a cikin mai jego na ji ta yi tauri kamar ƙwallo, sai na ji hankalina ya kwanta, domin taurin nan shi ke toshe jijiyoyin jini.

Wuyan ƙwan fitilar, wato ƙasan mahaifa da ya leƙo cikin farji, shi ne bakin mahaifa. Tsawonsa wajen santimita 3, da ɗan ƙaramin rami a tsakiya inda jinin al'ada ke fita, maniyyi ke shiga. Daga sama kuma, dama da hagu, bututu biyu ne sirara suka miƙe, kowanne santimita 10 zuwa 12, suna kaiwa ga gidan ƙwai biyu. Gidan ƙwai ne ke sakin ƙwai sau ɗaya a wata, shi ne kuma ke samar da sinadaran da ke tafiyar da al'ada da sauran halittar mace. A cikin bututun ne ƙwai ke haɗuwa da maniyyi, sannan ya gangaro kwanaki kaɗan ya sami shimfiɗa ya manne. Farji kuwa hanya ce daga bakin mahaifa zuwa waje. Fitsari ba ta nan yake fita ba, yana da tasa ƙaramar ƙofar a sama kaɗan. Mata da yawa masu 'ya'ya biyar, shida, a gabana suka fara jin haka, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu.

Saura mabiyiya. Ita ba a haifi mace da ita ba. Tare da kowane ciki take tsirowa, daga ƙwan da ya zama ɗan, ta manne a bangon mahaifa, igiyar cibiya ta haɗa ta da ɗa. Ta nan yake samun iska da abin gina jikinsa daga jinin uwa. Faffaɗa ce kamar ƙaramin faifai, nauyinta wajen rabin kilo. Da ɗa ya fito aikinta ya ƙare, dole ta fita, yawanci cikin rabin awa. Ko ɗan guntunta ya maƙale zai hana mahaifa tsukewa, jini ya ɓalle, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a duniya. Shi ya sa za ki ga ungozoma ta shimfiɗa mabiyiya a tire tana jujjuya ta, tana duba ko ta cika. Yadda nake faɗa wa mata a ranar awo shi ne: mahaifa matar gida ce, mabiyiya baƙuwa ce, tare da ɗa ta zo, tare za su tafi.

Tambayoyin da za ki yi kafin ki tashi daga kujera

Duk lokacin da ma'aikacin asibiti ya ce miki "mahaifa", kada ki gyaɗa kai tukuna. Ce masa, "Likita, gidan ɗan kake nufi ko mabiyiya?" Idan ya ce gidan ɗan, ki ƙara, "Jikinta, ko bakinta, ko bututun, ko gidan ƙwai?" Sannan ki miƙa masa bayan katinki ki ce ya zana miki. Zanen ba ya cin minti ɗaya, ni kullum da biro a aljihuna saboda haka, kuma na ga yadda fuskar mace ke sakewa idan aka ɗiga mata alama aka ce "nan ne". Daga ƙarshe ki maimaita abin da kika fahimta da bakinki: "Wato kana nufin mabiyiya ce aka ciro, mahaifata tana nan, zan iya sake haihuwa?" Wannan maimaitawar ita ce ta fi komai amfani. A nan ne kuskure ke fitowa fili, tun ba a kai shi gida ya kwana ba.

Na san layi na da tsawo, na san wani ma'aikacin zai haɗe rai. Ki tambaya duk da haka, jikinki ne. Idan kuma ke ce mai rakiya, nauyin ya fi yawa a kanki, domin mai naƙuda ko wadda ta farfaɗo daga tiyata ba ta riƙe magana. Abin da kika ji a bakin ƙofa shi za ta rayu da shi.

Maganganun da suka fi rikita mutane

"An cire mahaifa." Kin riga kin ga abin da wannan ta yi. Bayan haihuwa, kusan kullum mabiyiya ake nufi. Cire mahaifa ta gaskiya babbar tiyata ce, ana neman sa hannu, ana kwana a asibiti, kuma ana yin ta ne saboda dalili mai nauyi: jinin da ya ƙi tsayawa, mahaifar da ta fashe ba ta ɗinkuwa, ƙari mai yawa, ko sankara. Bayanta babu al'ada, babu ciki. A nan ma akwai tambaya: an bar gidan ƙwai ko an haɗa da shi? Idan an bar shi, jiki zai ci gaba da samun sinadaransa. Idan an cire duka biyun, alamomin ɗaukewar al'ada irin su zafin jiki da gumin dare za su zo nan take, ko da mace ba ta manyanta ba. An bar bakin mahaifa ko an cire? Idan yana nan, gwajinsa na sankara bai faɗi a kanki ba. Kuma cire ƙari daban, cire mahaifa daban. Ana iya yanke ƙari a bar mahaifar, mace ta haihu daga baya.

"Mahaifa ta sauko ƙasa." Wannan ita na fi tsoro, domin abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Idan mai ciki aka faɗa wa bayan sikanin, wato hoton ciki, ana nufin mabiyiya ta manne a ƙasa, kusa da bakin mahaifa ko ma ta rufe shi. Yawancin waɗanda aka gani haka a wajen mako na 20, mabiyiyar kan matsa sama yayin da mahaifa ke girma, shi ya sa ake sake hoton a wajen mako na 32. Idan ta tsaya ta tare hanya, haihuwa sai ta tiyata. Alamarta jini ne ja wur ba tare da ciwo ba. Mai wannan idan ta ga jini, ko cokali ɗaya ne, asibiti kai tsaye, kuma kada ta yarda kowa ya sa mata yatsa don duba ta kafin a ga hoton, domin taɓa mabiyiyar na iya ɓalle jinin da ba a iya tarewa. Amma idan macen da ba ta da ciki ce, musamman wadda ta haihu da yawa ko ta manyanta, ta ce tana jin nauyi a ƙasa kamar wani abu zai faɗo, wani lokaci har ta taɓo nama a bakin farji, to wannan mahaifar ce da kanta ta zazzago saboda tsokokin da ke riƙe da ita sun saki. Ba ya kisa, amma yana hana sakewa, kuma mata na ɓoye shi shekaru. Yana da magani: motsa tsokokin ƙasa, ko zoben roba da ake sawa ya tallafe ta, ko tiyata.

"A juya mata mahaifa." Ba abin da ake juyawa. Bututun nan biyu ake ɗaurewa ko a yanke, don ƙwai ya daina haɗuwa da maniyyi. Mahaifa na nan a zaune, gidan ƙwai na aikinsa, al'ada na zuwa kamar da. Amma kalmar "juyawa" tana yaudara, sai mace ta ɗauka abin da aka juya ana iya juyo shi. A ɗauke shi a matsayin na har abada. Na taɓa zama da wata da ta dawo bayan shekaru ta ce a juyo mata, ta sake aure. Da na zana mata abin da aka yi, ta daɗe ba ta ce komai ba. Kafin ki sa hannu, ki tabbata kin ji kalmar "bututu" da kunnenki, kin kuma ji cewa ba a kwancewa cikin sauƙi.

Kada ki haɗa wannan da "ɗaure bakin mahaifa", wanda kishiyarsa ne. Shi ana yi wa mai ciki ne da bakin mahaifarta ke buɗewa tun lokaci bai yi ba, tana ɓari a tsakiyar ciki. Ana sa zare a tsuke shi, yawanci a mako na 12 zuwa 14, a kwance a wajen mako na 36 ko 37. Ɗaya hana ciki yake, ɗaya riƙe ciki yake, ga shi duka "ɗaurewa" ake ce musu.

"Wankin mahaifa" ko "wankin ciki" kuwa ba ruwa da sabulu ba ne. Kwashe abin da ya rage ne bayan ɓari, da ɗan bututu mai zuƙa ko da magani. Mahaifa mai lafiya ba ta tara datti, ba ta bukatar wanki, farji ma yana tsabtace kansa. Masu cusa abubuwa da sunan wanke mahaifa ciwo suke sayowa da kuɗinsu.

"Ciki a wajen mahaifa." Ƙwan da ya haɗu ya tsaya a hanya, mafi yawa a cikin bututu, ya fara girma a inda babu fili. Yakan faru a ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Idan kin yi ɓatan wata, sai ga ciwo a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini, ko jiri, ko ciwo a kan kafaɗa, kada ki jira gari ya waye, bututun na iya fashewa jini ya zuba a ciki ba a gani. Idan aka yi tiyata, yawanci abin da ake cirewa bututu ne guda, ba mahaifa ba, kuma da ɗayan mata da yawa suna sake samun ciki. Nan ma na sha jin dangi sun fita suna cewa an cire mata mahaifa.

A ɗakin naƙuda za ki ji ana cewa "ta buɗe huɗu", "ta kai takwas". Bakin mahaifa ake aunawa da santimita, kuma sai ya kai 10 ake cewa a yi nishi. Daga farko zuwa 5 yakan ja lokaci, musamman a haihuwar fari, don haka idan aka ce miki "uku" bayan kin kwana kina juyi, ba wai abu ya lalace ba ne.

Sai "sankarar mahaifa", wadda ita ma biyu ce. Akwai ta bakin mahaifa, akwai ta shimfiɗar ciki. Ta bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, wadda ake ɗauka ta saduwa, kuma nau'i biyu, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu, kusan 350,000 suka rasu. Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan sankara tana ba da lokaci mai tsawo. Daga sauyin farko a bakin mahaifa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a mace mai ƙarfin garkuwar jiki, kuma a duk tsawon wannan lokacin gwaji na 'yan mintuna zai iya gano shi a kashe shi. Akwai rigakafi ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Gwaji kuma daga shekara 30 ake so a fara, mai ɗauke da HIV daga 25. Sikanin ɗin ciki ba ya maye gurbin wannan gwajin. Mace za ta ce min, "An yi min hoton mahaifa an ce lafiya lau," alhali ba wanda ya leƙa bakin. Ki faɗi kalmar cikakkiya: "Gwajin bakin mahaifa nake so." Ita kuwa ta shimfiɗar ciki ta fi kama waɗanda al'adarsu ta ɗauke, kuma alamarta ta farko jini ne. Duk macen da ta shekara guda cur ba al'ada, sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, ta je a duba ta. Ba al'ada ce ta dawo ba.

Yadda za ki faɗi naki ciwon

Juya maganar yanzu. Ke ce a kujera, an ce me ke damun ki. Abin da na fi ji shi ne "mahaifata ke ciwo" ko "sanyin mahaifa gare ni". Daga wannan ba abin da zan iya kamawa, domin a ƙarƙashin "sanyi" na ga ƙaiƙayin farji, na ga ciwon mafitsara, na ga ƙwayar cutar da ta hau har bututu tana neman toshe shi, na kuma ga mata masu lafiya garau da ruwan jikinsu na halitta ya tsorata su. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Kada ki kawo sunan ciwon, kawo abin da kika gani da abin da kika ji. Sa yatsa ki nuna wurin: tsakiyar mara, dama, hagu, ko can waje. Faɗi yaushe: kafin al'ada, lokacinta, wajen fitsari, wajen saduwa, bayan saduwa. Idan ruwa ne, faɗi launinsa, kaurinsa, yana wari ko ba ya yi, da ƙaiƙayi ko babu. Ruwa fari ko garai-garai marar wari, wanda kan yi yauƙi a tsakiyar wata, lafiya ce. Idan jini ne, ƙirga: kwana nawa, audugar mata nawa a yini, da gudaji ko babu. Wadda ke jiƙe auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko jininta ke wuce kwana bakwai zuwa takwas, ta wuce "haka jikina yake". Kuma ki zo da ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ki rubuta a waya ko a takarda, ita ce tambayar farko da za a yi miki.

Kunya na sani, ni ma da ita na tashi. Ba na cewa ki yar da ita. In "farji" ya yi miki nauyi, ce "gabana", ki ƙara "daga waje" ko "daga ciki", ya wadatar. In ba ki iya faɗa wa namiji, nemi mace, haƙƙinki ne, ko ki rubuta ki miƙa. Abin da nake roƙo kawai kada ki ce "mahaifa" alhali waje kike nufi, don na ga an rubuta wa mace sikanin ta biya ta dawo da takarda mai cewa komai lafiya, ƙurjin da ya kawo ta kuwa yana nan a bakin farji ba wanda ya duba.

Da 'yata ta kai shekara goma na zaunar da ita, na ɗauki takarda na zana mata ƙwan fitilar nan da bututunsa biyu, na kira kowanne da sunansa. Na dunƙule hannunta na ɗora a mararta. Ta yi ta sunkuyar da kai, amma ta ji. Ranar da ta fara al'ada ba ta firgita ba, ta zo ta ce min, "Umma, shimfiɗar ce ta fara fita."

Yarinyar nan kuwa ta haihu a wata na tara, mace, kuma Allah ya sa ina bakin aiki. Wannan karon mabiyiya ta biyo cikin minti goma. Na shimfiɗa ta a tire na kai mata har gado, na ce, "Kin ga wannan? Ita ce mabiyiya, ta gama aikinta." Sannan na kama hannunta na ɗora ƙasan cibiyarta, inda ƙwallon nan ya yi tauri, na ce, "Wannan kuma ita ce mahaifarki." Ta danna a hankali, ta sake dannawa. Na fita na sami uwarta a kan bencin nan dai, na durƙusa na ce, "Mama, an sauka lafiya, mace ce. Mabiyiya ta fita duka, mahaifarta tana nan lafiya ƙalau. Maimaita min in ji."